Gina imej ɗin kwantena a layin CI: a gina sau ɗaya, a san abin da aka gina

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu domin in yi magana da masu rubuta manhaja, musamman waɗanda suka fara aiki da Docker suna ɗora aikinsu a kan saba, wato kwamfutar da ke gudanar da manhaja don masu amfani da ita. Maganar ta shafi yadda ake gina imej ɗin kwantena, da dalilin da ya sa bai kamata a bar wannan aiki a hannun mutum ɗaya da kwamfutarsa ta cinya ba.

Ga wanda bai saba da harkar ba, imej ƙunshi ne guda da aka haɗa manhaja da laburaren da take dogara da su da ɗan abin da take buƙata na tsarin Linux, aka daskarar da su wuri ɗaya. Idan aka tayar da shi yana aiki, sai a ce kwantena. Docker ne ya yaɗa wannan salo tun 2013, a 2015 kuma aka kafa Open Container Initiative a ƙarƙashin Linux Foundation don a daidaita tsarin, ta yadda imej ɗin da aka gina da Docker zai tashi a wasu kayan gudanar da kwantena irin Podman ko Kubernetes ba tare da an taɓa shi ba. Layin CI kuwa jerin matakai ne da inji ke bi da kansa duk sanda wani ya tura sabon kod cikin rumbun Git, inda ake adana kod da tarihin sauye-sauyensa: ya ɗauko kod, ya gwada, ya gina imej, ya kai shi rajista, wato ma'ajiyar da ake adana imej, saba kuma ta jawo shi daga can. GitHub Actions da GitLab CI da Jenkins duk aikinsu ke nan.

Abin da ke damuna shi ne, da yawa sun ɗauka da zarar inji ya buga docker build a madadinsu, an gama. Ba nan gizo ke saƙa ba. Ranar da manhaja ta tsaya cak a kan saba, tambayoyin da za a yi su ne: wannan imej daga wane komit ya fito (komit shi ne sauyin kod da aka adana a Git, kowane da lambarsa), a kan wane tushe aka gina shi, kuma shi ɗin ne aka gwada ko wani mai kama da shi? Layin da ba zai amsa waɗannan cikin minti ɗaya ba, gaggawa kawai ya ƙara wa aikin.

Matsalar takan fara ne daga laƙabin latest. Laƙabi a rajista suna ne da ake iya cirewa daga imej ɗaya a manna wa wani, kuma latest shi ne sunan da Docker ke sawa idan ba a ba shi wani ba. A ɗauka akwai saba uku. Ta farko ta jawo imej ranar Litinin. Ranar Talata aka gina sabo aka manna masa latest. Ranar Laraba sauran biyun suka jawo nasu. Yanzu duk ukun sun ce latest suke gudanarwa, alhali kod iri biyu ne ke aiki, kuma mai amfani da manhajar yana ganin kuskure sau ɗaya, ya sake latsawa ya ga komai lafiya. Idan aka ce a koma na jiya, babu sunan da za a kira shi da shi. Maganin mai sauƙi ne: kowane imej a ba shi laƙabi da lambar komit ɗin da ya haife shi, a kuma kunna hana sauya laƙabi a rajistar da ke da wannan tsari, kamar Amazon ECR da Harbor. Wajen ɗorawa a saba kuwa a kira imej da tambarinsa na sha256, wato haruffa da lambobi 64 da ake lissafowa daga abin da ke cikinsa. Ko baiti ɗaya ya sauya, tambarin ya sauya.

Daga nan ƙa'ida ta biyu ke fitowa, wadda a ganina ta fi kowace muhimmanci: a gina sau ɗaya. Imej ɗin da ya wuce gwaji shi ne za a ɗaga zuwa sabar gwaji, shi ɗin dai zuwa sabar jama'a. Wanda ya sake gini a kowane mataki, ko da daga komit ɗaya ne, ya kai wa jama'a abin da ba a gwada ba, domin tsakanin gini na farko da na biyu wani laburare na iya fitar da sabon salo, ko imej ɗin tushe ya sauya. Bambancin wurare, irin su adireshin rumbun bayanai da kalmomin sirri, lokacin tayar da kwantena ake ba shi, ba lokacin gini ba.

Dockerfile shi ne fayil ɗin umarnin gina imej, kuma shi ma sunan imej ɗin tushe da ake rubutawa a layinsa na FROM laƙabi ne mai motsi. Python:3.12-slim na yau ba shi ne na watan jiya ba, saboda masu kula da shi suna sake gina shi. A ɗaure shi da tambarin sha256. Sai dai wanda ya ɗaure ya manta, ya rufe wa kansa ƙofar gyare-gyaren tsaro, don haka a sa Renovate ko Dependabot su riƙa kawo shawarar sabunta tambarin, layin ya gwada, mutum ya amince. Haka laburare: a yi amfani da fayil ɗin kulle, wanda ke rubuta ainihin salon kowane laburare, a ce npm ci maimakon npm install, domin npm ci ba ya sauya fayil ɗin kulle, kuma yana tsayawa idan fayil ɗin kulle bai dace da package.json ba, wato fayil ɗin jerin laburaren da manhaja ke buƙata.

Sai batun jinkiri, wanda shi ke sa mutane su gaji da layin su koma ginawa da hannu. Imej shimfiɗu ne a kan shimfiɗu. Kowane RUN da COPY yana ƙara ɗaya. Idan shimfiɗa ta sauya, duk waɗanda ke biye da ita sai an sake su. To dubi wanda ya rubuta COPY na dukan kod ɗinsa kafin layin da ke sauke laburare. Ya gyara waƙafi ɗaya a cikin fayil ɗaya, inji ya sake sauke laburare ɗari uku. Da ya fara kwafo package.json da fayil ɗin kulle, ya sauke laburare, sannan ya kwafo sauran kod, da matakin mai nauyi bai sake gudana ba sai ranar da laburaren suka sauya. Amma ko da an jera daidai, injin CI na haya sabo ne fil a kowane aiki, ba ya tuna ginin jiya. Dole a fitar da ajiyar shimfiɗu waje da cache-to, a dawo da ita da cache-from, kuma a sa mode=max idan ana son a adana har matakan tsakiya. BuildKit, wanda ya zama maginin Docker Engine na asali tun salo na 23.0 a 2023, yana iya ajiye ta a rajista. Wanda ya zaɓi ajiyar GitHub Actions ya sani cewa abin da aka kwana bakwai ba a taɓa ba ana share shi.

Ajiyar tana da nata tarkon. Idan apt-get update yana RUN ɗinsa daban, apt-get install yana nasa, na farkon zai zauna a ajiya tsawon makonni, na biyun ya je neman fayilolin da aka riga aka cire, ginin ya faɗi da kuskuren 404. A haɗa su a RUN ɗaya. A kuma rubuta .dockerignore, wato jerin abin da ba za a kwafa cikin imej ba, a sa .git da node_modules da .env a ciki.

Wannan .env ɗin, wanda a cikinsa ake yawan ajiye kalmomin sirri, ya kawo ni kan abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, wato sirri a cikin imej. Mutum yana buƙatar makulli don ya sauke laburare daga rumbu mai zaman kansa. Sai ya kwafo makullin da COPY, ya yi amfani da shi, ya goge da rm a layi na gaba, ya ɗauka ya tsira. Bai tsira ba. Gogewa a shimfiɗa ta gaba alama ce kawai da ke ɓoye fayil ɗin daga idon kwantena. Shi kansa yana nan daram a shimfiɗar baya. Duk wanda ya jawo imej ɗin zai iya yin docker save, ya kwance fayilolin tar ɗaya bayan ɗaya, ya ɗauki makullin kamar yadda aka ajiye shi. Wanda ya shigar da sirri ta ARG ko ENV shi ma haka, docker history da docker inspect za su iya fallasa shi. Wannan ba zato ba ne. A 2021 kamfanin Codecov ya bayyana cewa kuskure wajen gina imej ɗinsa na Docker ne ya ba wani damar zaƙulo makulli, ya sauya rubutun da kwastomomi ke gudanarwa a layukansu na CI, ya riƙa kwashe sirrinsu tun ƙarshen Janairu har aka gano a farkon Afrilu. Hanyar da ta dace ita ce RUN mai ɗauke da mount=type=secret: sirrin yana bayyana lokacin da umarnin ke gudana kawai, ba ya shiga kowace shimfiɗa. Idan kuma makulli ya riga ya shiga imej ɗin da aka tura, goge imej ɗin bai wadatar ba, sai an soke makullin an yi sabo.

Makullin tura imej rajista shi ma a rage masa rai. Manyan masu ba da hayar saba suna karɓar shaidar OIDC daga GitHub da GitLab, wato shaidar da ke tabbatar da wane aiki ne ke neman izini, su ba da izini na ɗan lokaci ga wannan aikin kaɗai, don haka babu kalmar sirri ta dindindin da za a sace. Kod ɗin da baƙo ya kawo daga nasa kwafin rumbun a gina shi a gwada, amma kada ya ga sirri, kada ya tura komai. Babban reshe, wato asalin kod ɗin da aka amince da shi a rumbun, shi kaɗai ke turawa.

Gini mai matakai, wanda ya shigo da Docker 17.05 a 2017, yana rage nauyi da haɗari tare. A mataki na farko a haɗa manhajar da duk kayan aikin, a na ƙarshe a kwafo abin da aka haɗa kaɗai zuwa ƙaramin tushe. Manhajar Go da aka haɗa cikin imej mai ɗaruruwan megabait tana iya ƙarewa cikin 'yan megabait. A sa layin USER, domin idan ba a sa ba kwantena da ikon root yake tashi, wato cikakken iko a tsarin Linux. Tushen Alpine ƙarami ne ƙwarai, amma laburaren tsari na musl yake amfani da shi maimakon glibc da aka saba da shi, kuma wasu laburaren da aka haɗa don glibc ba sa tashi a kansa. A gwada kafin a yanke shawara.

Shi kansa layin abin kariya ne. Harin SolarWinds da aka bankaɗo a Disamba 2020 ta wurin gini aka shiga, gurɓatacciyar manhaja ta fita da sa hannun kamfanin, kwastomomi kusan 18,000 suka sauke ta. A Maris 2025 aka karɓe iko da tj-actions/changed-files, wani ɗan mataki da dubban rumbuna ke kira a GitHub Actions, aka karkatar da laƙabansa zuwa kod mai zubar da sirri a cikin bayanan aiki. Waɗanda suka ɗaure matakin da cikakkiyar lambar wani komit na baya sun tsallake. Cutar latest ce ta sake ɓullowa ta wata kafa. Haka kuma gudanar da Docker a cikin Docker yana buƙatar kwantena mai cikakken iko, kuma miƙa wa aiki docker.sock, wato ƙofar ba wa Docker ɗin injin umarni, daidai yake da ba shi root a kan injin gaba ɗaya. Inda ƙungiyoyi da yawa ke raba inji ɗaya, Buildah ko BuildKit marar root sun fi.

Bayan gini, kafin turawa, a tantance imej da Trivy ko Grype don gano raunin tsaro a cikinsa. Ra'ayina shi ne a tsayar da layin kan rauni mai tsanani wanda gyaransa ya fito kawai. Idan aka ce kowane ƙaramin gargaɗi ya tsayar da aiki, cikin mako biyu wani zai kashe matakin gaba ɗaya. A fitar da jerin duk abin da ke cikin imej, wato SBOM, da Syft, a adana shi tare da imej ɗin, a sa hannu da cosign. Lokacin da raunin Log4j, wani laburaren Java, ya fito a Disamba 2021, babban aikin da ya sha wa ƙungiyoyi kai shi ne gano waɗanne manhajojinsu ke ɗauke da laburaren, domin sau da yawa wani laburare ne ya jawo shi ba da saninsu ba. Mai irin wannan jeri bincike ɗaya zai yi. Kuma tunda rauni na fitowa ko ba a taɓa kod ba, a sa layin ya sake tantance imej ɗin da ke aiki a kan saba aƙalla sau ɗaya a mako.

Kurakurai biyu suna yawan rikita sabon shiga. Na farko toomanyrequests: tun Nuwamba 2020 Docker Hub ya sa iyaka kan jawo imej, a lokacin sau 100 cikin awa shida ga wanda bai shiga da suna ba, kuma ana ƙirgawa ne da adireshin IP, wanda injinan CI ke rabawa da wasu. A shiga da asusu, ko a kafa madubi a rajistar gida. Na biyu exec format error: an gina imej a kwamfuta mai ƙwaƙwalwa nau'in arm64, irin Mac na tun 2020, an kai shi saba mai amd64. Docker buildx yana gina wa duka biyun, amma idan ta manhajar QEMU yake kwaikwayon ɗayan nau'in, ginin yana ja sosai. Inji na kowane iri ya gina nasa, sannan a haɗa su ƙarƙashin suna ɗaya.

Saura shara. Imej ga kowane komit yana cika rajista da sauri, kuma kuɗin ajiya na hawa. A kafa dokar gogewa: na rassan gwaji su tafi bayan mako biyu, na babban reshe a bar adadin da zai isa komawa baya. A kula ƙwarai kada dokar ta share wanda saba ke gudanarwa yanzu, domin ba za a gane ba sai ranar da wata saba ta sake tashi ta nemi imej ɗinta ta rasa. A kuma manna wa kowane imej alamar org.opencontainers.image.revision da lambar komit, da org.opencontainers.image.source da adireshin rumbun, don wanda ya tarar da kwantena yana gudana ya yi docker inspect ya ga inda ya fito.

Na gode da wannan fili. Wassalam.

Daga wani injiniyan manhaja, mai karanta jaridarku.