Wasiƙa zuwa ga 'yata mai karatun lissafi, kan ƙidayar hanyoyi da auna yiwuwa

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Uwata, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ina sanar da ke cewa saƙonki ya iso, kuma na fahimci damuwarki game da darasin ƙidayar hanyoyin jerawa da zaɓi, da ɗan'uwansa na auna yiwuwar aukuwar abu. Kin ce kin haddace ƙa'idojin duka, amma da zarar an ɗora miki tambaya sai ki rasa wadda za ki ɗauka, kuma amsarki kan saɓa da ta malami ba tare da kin gano inda kuka rabu ba.

Shawarata ita ce, kada ki taɓa wata ƙa'ida sai kin ƙanƙanta tambayar, kin jera amsoshinta ɗaya bayan ɗaya da hannunki. Idan aka ce a fitar da mutum 5 daga cikin 30, ki fara da fitar da 2 daga cikin 4, ki ba su sunaye, ki rubuta. Za ki samu hanyoyi 12 idan ɗaya shugaba ne ɗaya sakatare, amma 6 kacal idan wakilai ne masu matsayi ɗaya, domin a nan wanda aka fara kira ba shi da wani fifiko. Ranar da kika ga haka da idonki, rabawar da ke cikin ƙa'idar zaɓi za ta daina zama abin hadda, ta koma abin da kika san dalilinsa.

Haka manyan malamai suka yi aiki. Khalilu ɗan Ahmad, malamin Basra na ƙarni na 8, da ya so tattara kalmomin Larabci a ƙamusunsa Kitabul Aini, sai ya riƙa ɗaukar baƙaƙe uku yana jujjuya su ta fuska shida, yana ware waɗanda Larabawa ke amfani da su daga waɗanda suka bari. Ki gwada da kanki: baƙaƙe 28, a ɗauki uku mabambanta, jeri 19,656 ake samu, wato rukuni 3,276 kowanne da juyi shida.

Inda ɗalibai suka fi zamewa kuwa shi ne ɗaukar cewa duk abubuwan da suka lissafo nauyinsu ɗaya. An taɓa kai wa Galileo, masanin nan na Italiya, tambaya kan ƙwayoyin wasa uku, irin na lido masu fuska shida. Jimlar 9 tana fitowa ta haɗi shida, jimlar 10 ma ta haɗi shida, to me ya sa masu wasa suka lura 10 ta fi yawan zuwa? Ya warware ta da jera dukkan faɗuwa 216 da ƙwayoyin za su iya yi. Haɗin 3, 3, 3 ta hanya ɗaya tak yake zuwa, na 1, 4, 4 ta hanya uku, na 1, 2, 6 kuwa ta hanya shida. Da aka tara, 9 ta tashi da hanyoyi 25, 10 ta tashi da 27. Ki duba yadda bambancin 2 cikin 216 ya ɓuya, bai fito ba sai da aka zauna aka ƙidaya. Saboda haka kafin ki raba adadi da adadi, ki tambayi kanki ko abubuwan da ke ƙasan layin daidai suke wajen saurin aukuwa.

Na san wannan fanni ya taso ne daga tambayoyin 'yan caca, har wasiƙun da masana lissafi Pascal da Fermat suka yi musaya a Faransa a 1654 kan rabon kuɗin wasan da aka katse suke magana. Kada wannan ya sa ki ƙyamace shi. Wanda ya iya shi ne ma ya fi kowa sanin cewa kamfanin caca ya riga ya tsara lissafinsa yadda riba za ta zauna a wajensa.

Amfaninsa kuma yana nan a cikin gidajenmu. Idan miji da mata duka suna da jini AS, kowane ciki yana da yiwuwar 1 cikin 4 na zuwa da SS, wato ciwon sikila. Mutane da yawa sun ɗauka ma'anar wannan ita ce a cikin 'ya'ya huɗu ɗaya ne zai kamu, har wasu su saki jiki bayan na fari ya zo da cutar, suna zaton ukun da ke tafe sun tsira. Alhali kowane ciki da nasa lissafin, na baya ba ya rage wa na gaba komai. Yiwuwar a haifi huɗu babu mai SS ko ɗaya ita ce 3 cikin 4 a jera shi sau huɗu a ninka su da juna, wato 81 cikin 256, abin da bai kai kashi ɗaya bisa uku ba. Wannan magana tana taɓa ni ƙwarai, domin wahalar yaro ce a bayan waɗannan alƙaluma, kuma ina so ki iya bayyana ta ga wanda bai taɓa shiga aji ba.

Ki lura da dabarar da ke cikin wannan misali: idan aka tambaye ki yiwuwar abu ya auku aƙalla sau ɗaya, ya fi sauƙi ki lissafa yiwuwar rashin aukuwarsa sam, ki debe daga ɗaya. Da ita nake so ki gwada wannan kafin hutu: a ɗakin da ke da mutum 23, yiwuwar a samu biyu masu ranar haihuwa ɗaya ta ɗan haura rabi. Ki fara da mutum uku, sannan huɗu, ki rubuta kowane mataki a littafi dabam, har da waɗanda kika soke, ki zo mini da shi mu duba tare.

Mahaifiyarki da ƙannenki suna gaishe ki. Allah Ya yi miki albarka, Ya buɗa miki fahimta.

Wassalam,
Mahaifinki