Rigar da ta yi wata tara a rataye: amsa ga ƙanwata kan taurari da baƙin Broadway

Ƙanwata Malama,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da maigida da yara da ɗalibanki.

Ranar Lahadin nan da aka haɗa ni da shirin rediyo ta waya, kin bugo kin yi mini tambaya, lokaci kuma ya ƙure ban ce komai ba. Cewa kika yi: "Yaya, kai da ka yi shekaru kana ɗinka wa 'yan wasan Broadway sutura, gaya mana gaskiya. Ɗauko jarumin fim ko mawaƙin da ya yi suna a ɗora shi a wasan waƙa da rawa, ceton sana'a ne ko kashe ta? Kuma 'yan yawon buɗe ido ne suka jawo haka?" Tun da a bainar jama'a kika tambaya, a bainar jama'a zan amsa.

Maganar daga kuɗi ta taso. Broadway gidajen wasa 41 ne a tsakiyar Manhattan, cikin birnin New York, kowanne yana ɗaukar mutum 500 ko fiye. A kakar 2018 zuwa 2019, wadda ita ce cikakkiya ta ƙarshe kafin korona, an cika kujeru miliyan 14.77, aka yi cinikin dala biliyan 1.83. Kashi 65 cikin 100 na masu kallon nan ba mutanen New York da kewayenta ba ne, kusan ɗaya cikin biyar ma daga wata ƙasa ya zo. Kin ga ke nan baƙo ne ke riƙe da gidan.

Ina ganinsu kullum idan na tashi daga aiki na biyo ta Times Square. Akwai rumfar TKTS a ƙarƙashin jan matakalar nan, inda tun 1973 ake sayar da tikitin ranar da rangwame. Za ki ga magidanci da matarsa da yara biyu, ledojin sayayya a hannu, sun ɗaga kai suna karanta allo. Kwana uku za su yi a garin, dare ɗaya suka ware wa wasa, kuɗin kuma wataƙila shekara guda aka yi ana tara shi. Sunaye kusan talatin a gabansu, ba su san ko ɗaya ba. Sai matar ta nuna da yatsa ta ce ai wannan ta san ta a talabijin. Shi ke nan an gama shawara. Wallahi ban ga laifin mutumin nan ba. Wanda zai kashe dala ɗari huɗu ko biyar a dare guda yana da haƙƙin neman abin da hankalinsa zai kwanta da shi.

Masu zuba jari sun karanci wannan magidanci sarai. Waɗanda suka fi kowa ƙwarewa su ne Barry da Fran Weissler, masu wasan Chicago da aka farfaɗo da shi a 1996, wanda har yau bai sauka ba. Wasa ne mai sauƙin ɗawainiya: makaɗa a zaune bisa dandamali, babu tarkacen ado, sutura duk baƙaƙe. Duk lokacin da ciniki ya ja baya sai su ɗauko wani sananne ya yi 'yan makonni. Melanie Griffith ta shiga a 2003, mawaƙi Usher a 2006, Pamela Anderson ta yi mako takwas a 2022. Wasu sun ba marar ɗa kunya, wasu kuwa 'yan rawar da ke bayansu ne suka yi ta rufa musu asiri. Amma ki tuna akwai makaɗa, da masu fitila, da masu kai mutane kujera, da masu guga da ɗinki irina, waɗanda suka aurar da 'ya'ya da albashin wasan da ya daɗe haka. Ba zan ci abinci a wannan akushi in fito in ce haram ne ba.

Sai dai Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Ranar 12 ga Maris 2020 aka rufe gidajen wasan nan baki ɗaya, ba a dawo sosai ba sai Satumban 2021, kuma baƙin ƙasashen waje su ne na ƙarshen dawowa. The Phantom of the Opera, wanda ya fara a 1988 ya dogara da su shekara da shekaru, bai iya jure rashinsu da tsadar ɗawainiya ba. Ya rufe a Afrilun 2023 bayan shekara 35. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, da aka sanar za a rufe, sai ga mutane sun yi cincirindo har aka ƙara makonni. Ashe masu son sa suna nan kusa, an dai daɗe ba a yi da su ba.

Yanzu ga inda nake tsaye. Suna ba laifi ba ne. Tambayar da nake yi ɗaya ce: zai iya aikin? Wasa takwas ake yi a mako, waƙa da murya tsirara, rawa da gumi, babu "a yanke a sake" irin na fim. Hugh Jackman duniya ta san shi da fim, amma tun 1998 yana waƙa a dandamalin Landan, ya kuma ci lambar Tony, babbar lambar yabon wasannin Broadway, a 2004. Nicole Scherzinger daga ƙungiyar mawaƙa ta fito, aka yi ta ɗaga mata hanci, sai ga shi ta ci lambar yabo ta Olivier a Landan da Tony a New York da wasan Sunset Boulevard. Lea Michele, da aka sani a talabijin, tun tana yarinya take Broadway; da ta karɓi babbar rawa a wasan Funny Girl a Satumban 2022 cinikin da ya yi ƙasa sai ya ninka. Waɗannan sun ci ladan kuturu, sun kuma yi masa aski. Wanda nake ƙi shi ne a rage wa waƙa tsawo, a sassauta rawa, a ƙara wa makaɗa ƙarfi don su lulluɓe muryar da ba ta kai ba, sannan a sayar wa baƙon nan tikiti da farashin gwanaye. Wannan ha'inci ne, kuma baƙon ne farkon wanda aka cuta.

Bari in ba ki labarin rigar. A wani wasa da shagonmu ya yi wa ɗinki, ba zan faɗi sunansa ba, akwai yarinya 'yar ko-ta-kwana, wato wadda ke haddace rawar babbar jaruma ta zauna jiran ranar da za a neme ta. Ni na auna ta, ni na ɗinka mata rigarta, koriya mai duwatsu a wuya, na kwana biyu ina jera su da allura. Wata tara rigar tana rataye cikin leda da sunanta a jiki. A tsakanin nan babbar jarumar ta tafi, kowa a bayan dandamali ya ɗauka yarinyar za a ba. Sai aka kawo wata daga talabijin. Aka ba mu kwana huɗu mu yi mata sabuwar riga, aka ce a buɗe hammata don ba ta saba ɗaga hannu tana waƙa ba. Mako na uku muryarta ta dushe. Ranar aka sa 'yar farar takardar nan a cikin littafin shirin, mai sanar da cewa yau wance ce za ta fito. Ina tsaye a baya na ji zauren ya yi ajiyar zuciya, wasu suka tashi suka nufi wurin karɓar kuɗinsu, don ƙa'ida ce idan tauraron da aka rubuta sunansa a saman sunan wasa bai fito ba ana iya mayar da tikiti. Yarinyar tana jin motsin kujerun nan ta bayan labule, ina ɗaure mata zif hannuna na jin bayanta yana rawa. Ta fita ta yi waƙar da har yau idan na tuna tsigar jikina na tashi. Waɗanda suka zauna sun miƙe tsaye suna tafi. Bayan kwana biyu na mayar da rigar cikin ledarta.

Shi ya sa na ji daɗin abin da Jackman ya yi a Disambar 2021, lokacin da yake wasan The Music Man. Abokiyar wasansa Sutton Foster ta kamu da korona, Kathy Voytko ta maye gurbinta da sanarwar 'yan sa'o'i, shi kuwa ya tsayar da jama'a bayan an gama ya yabe ta da sauran irinta a gaban kowa. Amma ki duba: da wa'adinsa ya cika a Janairun 2023, wasan rufewa ya yi. An gina shi a kan mutum ɗaya, ya tafi da shi.

Ɓarnar da ta fi damuna ita ce ta farashi. A kakar 2018 zuwa 2019 matsakaicin tikiti ya kusa dala 124. A 2025, da Denzel Washington da Jake Gyllenhaal suka yi Othello, wanda ba ma na waƙa ba ne, kujera mafi tsada ta kai dala 921. Malamar makaranta a yankin Bronx na New York ba za ta kai ɗalibanta can ba, direban tasi da ya sauke baƙi a ƙofar bai taɓa leƙa ciki ba. Gidajen kuma 41 ne kawai. Duk wanda aka ajiye wa tauraro, wani sabon marubuci ne ya rasa wurin shimfiɗa hajarsa. Ga The Lion King tun 1997 yana cika da baƙi ba tare da wani tauraro ba, da fuskokin sassaƙa da waƙoƙin Zulu da ko wanda bai ji Turanci ba zai bi. Wato baƙo ba suna kaɗai yake saya ba, idan an ba shi abu mai kyau.

Hanyar da na fi so na gan ta ne a wasan Fela!, na rayuwar Fela Kuti, da ya hau Broadway a 2009. Jay-Z da Will Smith da Jada Pinkett Smith sun sa sunayensu a matsayin masu ɗaukar nauyi, suka tsaya a bakin ƙofa suna kiran jama'a, amma dandamali aka bar wa Sahr Ngaujah, ɗan asalin Saliyo da ba a san shi ba a lokacin. Daga baya an kawo Patti LaBelle ta fito a matsayin Funmilayo, mahaifiyar Fela, ita kuwa murya ba a koya mata. Wasan ya ci Tony uku, ya je har Legas a 2011.

Kin ce ɗalibanki suna tambayarki ko akwai amfanin shekarun horo tun da mai mabiya a waya zai iya tsallake layi. Ki karanta musu labarin koriyar rigar nan. Ki gaya musu yarinyar tana nan tana aiki, yanzu a wani wasan daban, har yau 'yar ko-ta-kwana ce. Makon jiya ta zo shago na sake auna ta.

Ki gaishe da Inna, ki ce saƙonta ya iso.

Yayanki,
daga New York