Yawan tururi da daɗin ɗanɗano: abin da masu sayen sigarin lantarki ba su tambaya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida mai farin jini in yi magana a kan sigarin lantarki, wanda matasa suka fi sani da Vape, domin a 'yan shekarun nan ya yawaita a shagunan biranenmu, kuma a matsayina na mai gyaran waya da ƙananan kayan lantarki ana yawan kawo mini waɗanda suka lalace. Ƙorafin masu su ba ya wuce biyu: ko dai na'urar ba ta fitar da tururi kamar yadda suke gani a bidiyon TikTok, ko kuma ɗanɗanon ya koma ƙauri. Maganin da suke tunani shi ne su sayi wadda ta fi girma da tsada, alhali girman na'ura ba shi ke kawo ɗanɗano ba, kuma yawan tururi yana da ɗawainiyar da mai shago ba ya faɗa wa kowa.

Wanda bai taɓa shan taba ba, ba shi da wani dalili na kusantar wannan abu, domin nikotin ɗin da ke cikinsa yana kama mutum kamar yadda na taba yake kamawa. Maganata da babban mutum ce, wanda ya riga ya saba da sigari kuma ya koma wannan na'ura da niyyar rabuwa da shi. Da wannan niyyar ce ma Hon Lik, wani masanin harhaɗa magunguna ɗan ƙasar Sin, ya ƙirƙiro ta a shekarar 2003, kuma har yau mafi yawan waɗanda ke kasuwa a birnin Shenzhen ake ƙera su. Siffarsu ta sauya sosai, amma aikin bai sauya ba: batir yana ɗumama wani ɗan naɗin waya da ake kira koyil, koyil ɗin yana manne da audugar da ta sha ruwan nikotin da ƙamshi da ake zubawa a tankin na'urar, zafin kuma yana mayar da ruwan tururi ba tare da an ƙona komai ba.

Daga ruwan ya kamata a fara, ba daga na'urar ba. Sinadarai biyu ne ginshiƙinsa, kuma ana rubuta su a jikin kwalba da haruffan VG da PG. Na farkon, wato gilisarin da ake samu daga man tsirrai, yana da kauri da ɗan zaƙi, shi ne kuma yake ba da farin tururi mai yawa. Na biyun, wato furofilin gilaikol, tsararo ne, shi ke ɗaukar ƙamshi ya kai shi harshe, yana kuma ba da ɗan kartar maƙogwaron da tsohon mashayin sigari yake nema. Saboda haka kwalbar da aka rubuta 70/30, wato VG kashi 70 da PG kashi 30, ta manyan na'urori ce masu faɗin ƙofofin auduga, mai 50/50 kuwa ta ƙanana ce. Idan aka zuba mai kauri a ƙaramar na'ura, audugar ba za ta iya tsotso shi da sauri ba, sai ta bushe ta ƙone. Idan aka zuba tsararon a babba, sai ya riƙa yoyo yana tsartuwa cikin baki. Yanayinmu ma yana da hannu a ciki, domin zafin watan Afrilu yana tsinka ruwan har ya zubo a aljihu, sanyin hunturu kuma yana ƙara masa kauri da safe.

Sai koyil, wanda a nan ne mafi yawan masu saye suke ruɗewa. A jikin koyil akan rubuta lambobi biyu da ƙananan haruffa: ƙarfin turjiyarsa ga wuta, wanda ake aunawa da om, da kuma iyakar wat ɗin da zai iya ɗauka. Koyil mai om 1 ko sama da haka yakan yi aiki ne tsakanin wat 10 zuwa 20, a zuƙa a baki sannan a haɗiye kamar sigari, kuma tururinsa kaɗan ne. Wanda ke ƙasa da om 1 sosai, misali 0.2, yana buƙatar wat 50 ko fiye, ana zuƙarsa ne kai tsaye zuwa huhu, kuma shi ne mai cika ɗaki da tururi. Nau'in da aka saƙa kamar raga ya fi tsohon naɗin waya ba da ɗanɗano, saboda yana taɓa auduga a wuri mai faɗi kuma zafinsa yana bazuwa daidai. A nawa ganin, wannan ragar ita ce kaɗai sabon abin da ya cancanci a ƙara masa kuɗi. Fitilu masu launi da allon da ke nuna hotuna ado ne kawai.

Ƙaurin da ake kuka da shi kusan kullum daga auduga yake. Duk wanda ya taɓa amfani da fitilar ƙwai ya san cewa lagwani ba ya ƙonewa muddin yana jiƙe da kananzir, amma da zarar ya bushe sai ya yi baƙi ya fara hayaƙi. Haka audugar koyil take. Sabon koyil yana buƙatar a ɗiga masa ruwan a kan audugar, a cika tanki, a bar shi ya jiƙu na kamar minti biyar zuwa goma, sannan a fara da ƙaramin wat ana ƙarawa sannu a hankali. Mai gaggawa yakan ƙona shi a zuƙar farko, kuma audugar da ta ƙone ba ta gyaruwa. Zuƙa a kai a kai ba hutu ma yana busar da ita, haka nan ruwan da aka cika wa sinadarin zaƙi yana barin baƙin datti a kan koyil cikin 'yan kwanaki. Wannan ƙauri ya wuce batun rashin daɗi, domin idan zafi ya yi yawa a kan busasshiyar auduga, VG da PG suna rikiɗewa su fitar da sinadarai masu cutarwa irin su fomaldihaid. Wanda ya ji ƙauri ya daure ya ci gaba da zuƙa don kada kuɗin koyil ya tafi a banza, huhunsa yake cuta.

Ƙofar iskar da ke jikin na'urar kuwa sauƙin fahimta gare ta: idan an buɗe ta tururi yana ƙaruwa ya yi sanyi amma ɗanɗano ya ragu, idan an tsuke ta ɗanɗano yana ƙarfi da ɗumi. Ba a samun ƙarshen duka biyun a lokaci guda.

Yanzu ga ɗawainiyar da na ambata. Tururi mai yawa ruwa mai yawa ne ya ƙafe, saboda haka babbar na'ura tana shanye a yini guda abin da ƙarama za ta yi kwanaki tana sha, kuma duk nikotin da sinadaran ƙamshin da ke cikinsa huhu suka nufa. Shi ya sa ruwan manyan na'urori yake zuwa da nikotin kaɗan, miligiram 3 ko 6 a kowace mililita. Ruwan da ake kira gishirin nikotin, wanda sigarin lantarki mai suna Juul ya yaɗa a Amurka daga 2015, yakan kai miligiram 50 a mililita, kuma don ƙananan na'urori aka yi shi. Mai zuba shi a na'urar wat 60 yana neman jiri da tashin zuciya da bugun zuciya da kansa. Tarayyar Turai ta ƙayyade iyakar miligiram 20 a mililita, tankin kuma kada ya wuce mililita 2, amma a nan za ka ga kwali an rubuta 5%, wato miligiram 50 a mililita, ana sayarwa, kuma mai sayen bai san cewa wannan ya ninka iyakar Turai sau biyu da rabi ba.

Batun batir shi ya fi tayar mini da hankali, domin sana'ata ce. Manyan na'urori suna amfani da batirin lithiyam mai lamba 18650, wanda idan ya cika yana da bolt 4.2. Idan aka haɗa shi kai tsaye da koyil mai om 0.2, wutar da za a ja ta kai amfiya 21, kuma batiran wannan girma da yawa ba su iya jure hakan, musamman waɗanda aka ciro daga tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka aka sake musu riga. A watan Mayun 2018 wani mutum ya rasu a jihar Fulorida ta Amurka bayan irin wannan na'ura marar da'irar kariya ta fashe masa. Duk mai saye ya nemi wadda take da kariya daga zafi da haɗuwar waya, kada ya sa batir tsirara a aljihu tare da makullai, ya jefar da wanda rigarsa ta yage, kuma kada ya bar na'urar a cikin mota da rana.

Game da ƙamshi, a tuna cewa abin da ya halatta a sa a abinci ba lallai ne ya dace da huhu ba. Sinadarin diacetyl mai ƙamshin man shanu an danganta shi da ciwon huhu a tsakanin ma'aikatan masana'antar gugguru a Amurka, kuma Ingila ta hana sa shi a ruwan Vape. A 2019 kuma Amurka ta ga ɓarkewar ciwon huhun da ya kwantar da mutane sama da 2,800 ya kashe 68, inda bincike ya fi ɗora laifin a kan wani man bitamin E da aka gauraya a ruwan wiwi na bayan fage. Don haka kada a zuba mai, ko zuma, ko turare, ko wani haɗin gida a cikin tanki, kuma kada a sayi ruwan da ba a rubuta abin da ke cikinsa ba.

A ƙarshe ina kira ga hukumomin da ke kula da ingancin kaya da lafiyar jama'a. Dokar Najeriya ta hana yaɗuwar shan taba ta 2015 ta haramta sayar da taba ga wanda bai kai shekara 18 ba, kuma ya kamata a tsare wannan iyaka a kan sigarin lantarki, musamman irin wanda ake sha a yar, mai ƙamshin mangwaro da kankana, wanda Birtaniya ta haramta sayar da shi daga 1 ga Yunin 2025. A tilasta wa masu shigo da kaya rubuta adadin nikotin da ƙarfin batir a fili, a kuma tanadi wurin tara matattun na'urorin, domin kowace ɗaya tana ɗauke da batirin lithiyam, kuma a bolar da ake cinna wa wuta suke ƙarewa.

Wassalam.

Naka,
Mai gyaran kayan lantarki, Kano