Lambar da agogon hannu ke nunawa ba hukuncin likita ba ce

Edita, assalamu alaikum. Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan agogunan nan na zamani da sunka cika hannun samari a Sakkwato, masu ƙirga bugun zuciya har su ce maka wai kana cikin damuwa. Sai ka ga mutum lafiyarshi lau amma ya tada hankalin gida kaf don lamba ta sauka.

Abin da agogon ke ƙoƙarin aunawa shi ne tazarar lokaci tsakanin bugu da bugu, don zuciyar mai lafiya ba ta tafiya bai ɗaya, in ka ja numfashi tana ɗan ƙara sauri, in ka sake shi ta lafa. Masana na ɗauko wagga tazarar daga na'urar ECG mai zana bugun zuciya a layi, galibi ta minti 5, su zuba cikin manhaja irin Kubios ta ƙasar Finland ita kuma ta rarrabe ta kashi-kashi kamar ana tankaɗe gari da rariya. Tun 1996 ƙungiyar likitocin zuciya ta Turai da wata takwararta ta Arewacin Amurka sunka tsaida ma'auni. Kashi mai sauri shi ne 0.15 zuwa 0.4 Hz, wato sau 9 zuwa 24 a minti, shi ke bin numfashi. Kashi mai nawa kuma, wato marar sauri, 0.04 zuwa 0.15.

To ga inda gizo ke saƙa. In mutum ya rage numfashinshi zuwa sau 6 a minti, nauyin lissafin sai ya koma kashi mai nawa alhali ba wani ciwo. Bugu guda da ya yi tsalle in ba a gyara shi ba ya isa ya ɓata sakamakon, shi ya sa dole ƙwararre ya bi layin da idonshi kafin ya yarda da abin da kwamfuta ta fitar, to ina ga agogon da ke leƙen jini da koren haske ta fata, hannu na motsi, gumin watan Afrilu na zuba, ga goro a baki ga shayi an sha kofi biyu. Ko rabon LF/HF ɗin da ake ta yayatawa, wato kashi mai nawa a raba da mai sauri, masana da yawa ba su yarda shi ne ma'aunin damuwa ba.

Ba cewa nike ilimin banza ne ba fa. Ga mai ciwon suga da ya daɗe, in sauye-sauyen nan sunka ragu ƙwarai yana iya zama alamar ciwon ya fara taɓa jijiyoyin da ke sarrafa zuciya, kuma ai duk mun san masu suga a danginmu.

Shi ya sa nike kira ga malamai da ɗaliban likitanci na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da asibitin koyarwarta, su auna mutanenmu nan gida da ECG na gaske, cikin zafi da cikin hunturu har da watan azumi, su buga abin da sunka samu da Hausa mu ma mu karanta.

Naku,
Wani mai karatu daga Mabera, Sakkwato