Takardar Koke ga Magajiyar Garin Toronto da Majalisar Birni kan Sanyin Tafkin Ontario

Zuwa ga Mai girma Magajiyar Gari, Olivia Chow, da 'yan Majalisar Birnin Toronto.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, mu Hausawa da maƙwabtanmu da ke haya a dogayen benayen St. James Town da Moss Park ne muka haɗu muka rubuto wannan takarda. Mun fara sa ta da harshenmu domin iyayenmu da ba su jin Turanci sosai su san abin da suke sa wa hannu.

Kukanmu a kan zafi ne. Wani zai yi mamakin jin mutanen da suka tashi a ranar Sakkwato ko Damagaram suna kukan zafin Kanada, amma a gida akwai tsakar gida da inuwar darbejiya, kuma in dare ya yi a fito da tabarma waje. A hawa na ashirin na benen kankare babu inda mutum zai gudu. Bango yakan sha rana yini guda, ya kwana yana amayar da ita cikin ɗaki. Tsofaffi masu hawan jini da jarirai da masu aikin dare da ke barci da rana su ne suka fi jigata. Mun ga abin da ya faru a lardin British Columbia a 2021, inda zafi ya kashe mutum 619, kuma kusan dukkansu a cikin gidajensu suka rasu. Dokar birni ta tilasta wa mai gida ya ɗumama ɗaki zuwa digiri 21 a lokacin hunturu, amma ba ta tilasta masa sanyaya ɗakin da ɗan haya ke kwana ba in ginin ba shi da na'urar sanyaya ɗaki.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne maganin yana kusa da mu, ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Tun 2004 birnin nan ke sanyaya gine-gine da ruwan ƙasan Tafkin Ontario. An shimfiɗa bututu masu nisan kilomita 5 cikin tafkin, suna zuƙo ruwa daga zurfin mita 83, inda yake zama a digiri 4 rani da damina, saboda a wannan ma'aunin ne ruwa ya fi nauyi, sai ya kwanta a ƙasa. Ana tace shi a matatar da ke tsibirin Toronto, a kai shi tashar tura ruwa ta John Street, ya ba da sanyinsa ga wani ruwan da ke zagaye cikin bututun kamfanin Enwave ba tare da sun gauraya ba, sannan ya wuce famfunanmu mu sha. Gine-gine sama da 100 ne ke cin wannan moriya, har da ginin Majalisar Birni da kuke zaune ciki, da asibitoci da bankuna da filin wasa na Scotiabank Arena, kuma wutar da suke ƙonawa ba ta kai ko kusa da ta na'urorin sanyaya ɗaki ba. Ba ma baƙin cikin haka. Asibiti ya cancanci sanyi. Amma tafkin na kowa ne, matatar da tashar kuma na birni ne, harajinmu da kuɗin ruwanmu na cikin abin da ke riƙe su.

Don haka muna roƙon Majalisa ta sa a yi binciken injiniyoyi kan yadda za a miƙo bututun gabas zuwa unguwanninmu, a kuma bayyana sakamakon ga jama'a. An riga an faɗaɗa shi yamma, har aka gina babbar ma'ajiyar ruwa a ƙarƙashin ginin The Well da ke ba da sanyi da ɗumi, an kuma ƙara bututu na huɗu a tafkin. Mun san benayenmu tsofaffi ne, yawancinsu na shekarun 1960 da 1970, kuma sa musu sababbin bututu a ciki zai ci kuɗi. Shi ya sa muke ganin a fara da gidajen Toronto Community Housing, waɗanda birni ne mamallakinsu, babu wanda zai jira izininsa.

Muna kuma roƙon a haɗa da ɗumi. Zafin da ake kwashewa daga gine-gine ana iya ɗaga shi da famfon zafi, wato na'urar da ke kwasar zafi daga wani wuri ta kai wani, a ɗumama gidaje, a rage ƙona iskar gas, wanda ya dace da alƙawarin da Majalisa ta ɗauka na kawar da hayaƙi mai gurɓata yanayi nan da 2040.

Akwai fargaba ɗaya da ba za mu ɓoye ba. A benayen 'yan kasuwa, duk gyaran da aka yi yakan dawo kanmu a matsayin ƙarin haya sama da ƙa'idar shekara. Duk tallafin da birni zai ba mai gida domin wannan aiki, a ɗaura masa sharaɗin ba zai ɗora kuɗin a kan 'yan haya ba.

Muna neman a ba wakilanmu dama su yi magana gaban kwamitin da ke kula da gidaje kafin zafin baɗi ya shigo.

Naku cikin girmamawa,
Mazauna St. James Town da Moss Park da suka sa hannu a ƙasa.