Bitar kashi cikin ɗari ranar Asabar

Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da yamma.

Ranar Asabar bayan La'asar za mu haɗu a ajinmu mu yi bitar lissafin kashi cikin ɗari, tunda WAEC ta ƙarato.

Ga tambayar da ta kayar da mu, har da ni: takalmin naira 5,000 aka ƙara masa kashi 20, ya koma 6,000, sannan aka rage kashi 20. Muka rubuta 5,000, alhali 4,800 ne, don daga 6,000 ake cire ragin, wato 1,200.

Kowa ya taho da tambayoyi uku na riba da faɗuwa da ya gwada a gida. Kalkuleta ta zauna a jaka tukuna. Wanda ba zai samu zuwa ba ya faɗa a nan kafin Juma'a.

Allah ya ba mu sa'a.
Shugaban aji