Wasiƙa daga Tawa: Ƴan Baremar Albasa

Tawa, 19 ga Oktoba, 2025

Aminina Hamisu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da uwargida da yara. Mu nan sai godiyar Allah. An yanke gero, dammuna sun shiga rumbu, zafin kaka ne kawai ke gasa mu kafin iskar hunturu ta sauko. Inna na gaishe ka, ta ce in tuna maka Babbar Salla biyu ke nan kana cewa "baɗi in Allah ya so".

Saƙonka na watan jiya sau uku na karanta shi, ba don kyan rubutunka ba, ka san tun muna makarantar koyon aikin likita a Damagaram ban taɓa yaba shi ba. Labarin fitarku da dare ne ya riƙe ni. Ka ce kuna ɗaukar mota daga gari ku bi masaukan ma'aikatan gonakin taba da dankali a Karolina ta Arewa, galibinsu ƴan Meksiko masu zuwa da bizar ƴan watanni. Ka ce tun 1962, zamanin Shugaba Kennedy, aka yi dokar da ta ware kuɗi don lafiyar irin waɗannan mutane, amma har gobe kuna fama da mai ɓoye ciwonsa don kada a sallame shi, da wanda ba ya jin Turanci. Har da ciwon nan na ɗanyen ganyen taba, in raɓa ta jiƙa shi gubar ta bi ta fata, mutum ya yi ta amai da jiri. Na ajiye wayar na ce, ashe har ƙasar da ake ganin ta gama komai ɗan barema sunansa ɗan barema.

Saƙon ya zo a kan gaɓa. An ɗora mini rubuta tsarin yadda za mu kula da lafiyar masu zuwa aikin garka a ranin bana, kuma an ce in kawo shi kafin a fara dashe. Ba a fafe gora ranar tafiya, ga Nuwamba ta ƙwanƙwasa ƙofa.

Ka san yadda abin yake, ko da yake ka daɗe. Da an gama kaka, samarin tudu sai su ɗauki ƴar jaka da bargo su gangaro kwari: Galmi, Tsarnawa, Madawa, fadamun Maggiya da na Tarka, gonakin ban ruwa na Ƙonni, wasu su yi arewa bakin tafkin Tabalak. Su ne masu haƙar rijiya, su ja fangali, su yi dashe a cikin sanyin Disamba, su kwana gadin injin ban ruwa. Wajen Maris da Afrilu, lokacin cirar albasa, mata su biyo baya da goyo, suna yanke ganye suna tsince ruɓaɓɓiya, wasu kuma su dake ganyen su yi gabu. Albasar nan ta Galmi da ake yi wa kirari har Akara da Abijan, a bayan waɗannan mutane take hawa kamiyo. Da hadarin farko ya taso a watan Yuni kuwa, ka neme su ka rasa, kowa ya koma gonar ubansa.

To ga inda gizo ke saƙa. Duk abin da likita, wato ƙaramin asibiti, za ta samu, allurar rigakafi ce, gidan sauro ne, maganin masassara ne, ana lissafa shi ne bisa yawan mutanen garuruwan da ke ƙarƙashinta, kuma wannan adadi daga ƙidayar 2012 ake ɗauko shi a ƙara masa ɗan kaso kowace shekara. Ɗan barema a garinsu aka ƙidaya shi. Gidan sauronsa yana can rataye a ɗakin uwarsa a kan tudu, shi kuwa yana nan kwance cikin bukkar kara a bakin ruwa, inda sauro ba ya sanin an yi kaka. A rajistarmu akwai wani ɗan layi da muke rubuta "wanda ba ɗan yanki ba", a nan muke zuba su duka. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, mu ma haka muka ɗauke su a takarda. To raɓar da ke kwana wata biyar a wuri ɗaya, kuma ta dawo kowace shekara, ai ta wuce raɓa.

Bari in ba ka labarin abin da ya sa na karɓi aikin ban yi gardama ba. Lokacin da nake majo, wato babban ma'aikacin jinya, a wata likita cikin kwarin Maggiya, wata ranar Fabrairu bayan la'asar aka kawo mini wani yaro a amalanken jaki. Bai fi shekara goma sha bakwai ba. Yawu na dalala, gumi ya jiƙa shi sharkaf, ƙwayar idonsa ta tsuke kamar tsinin allura, ƙirjinsa na ƙugi. Tun kafin a buɗe baki warin rigarsa ya gaya mini. Feshi ya yi tun hantsi, ba takunkumi ba safar hannu, da bakin famfon ya toshe sai ya sa baki ya hure shi. Ya fara jin jiri tun azahar. Abokansa suka ɗura masa nono, kamar yadda kowa ke yi, suka kwantar da shi a inuwa da rigar feshin a jikinsa. Muka tuɓe shi, muka wanke shi da sabulu, na yi ta ba shi allurar atiropin, makarin irin wannan guba, har ƙirjin ya bushe. Allah ya yi da sauran kwanansa. Amma ampul ɗin da ke cikin kabad ɗina a ranar ya kusa cinye su duka, da wani ya biyo bayansa a daren nan, sai dai mu yi salati.

Da ya farfaɗo na ce masa, "Yaro, me ya hana ka zuwa tun azahar?" Ya ce, "Likita, in na bar feshin rabi, mai garka ba zai biya ni yinin ba." Kwana biyu ya sulale ya koma aiki, ko sallama babu.

Wannan amsa tasa ita ce ginshiƙin duk abin da nake rubutawa. Mu ma'aikata mun saba ɗora laifi a kan jahilci, alhali yaron nan lissafi ya yi, kuma lissafinsa daidai ne. Tun 2006 ake duba yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta, awon ciki ma haka, kuma a Satumbar 2024 gwamnati ta rage kuɗin ganin likita da rabi a likitocinta. Duk wannan alheri ne, ban raina ba. Sai dai abin da ya fi yi wa ɗan barema tsada shi ne yinin da zai rasa, da kuɗin kabu-kabu zuwa da dawowa, da zaman layi tun safe har rana ta take. Muna buɗewa lokacin da yake duƙe a fangali, muna tashi lokacin da yake miƙewa. Shi ya sa mai tallar magani a kan keke ya fi mu kasuwa, don shi har bakin rijiya yake iske su. Yana sayar musu da jan ƙwaya da farar ƙwaya, da tiramol ɗin nan da suke haɗiya da shayi don kada su ji gajiya. Na taɓa ganin wanda fartanya ta tsaga masa ƙafa, ya yi kwana huɗu yana aiki a kai bai ji ba, sai da ta kumbura ta yi ruwa. Allurar tetanos kuwa bai san ma akwai ta ba.

Don haka abu na farko da na rubuta shi ne a juya lokacin fita. Ka tuna ƙa'idar da aka koya mana: na cikin kilomita 5 su zo da ƙafarsu, daga 5 zuwa 15 a bi su da babur, abin da ya wuce nan sai mota. An tsara ta ne don garuruwan da ke zaune wuri ɗaya, kuma da safe ake fita. Ni na ce daga Disamba zuwa Afrilu a riƙa fita bayan magariba, sau ɗaya a mako, a shimfiɗa tabarma kusa da mai shayi inda suke taruwa, da fitila mai cajin rana da akwatin gwajin masassara. Wani abokin aikina ya ce wa zai biya man babur da ladan dare? Tambaya ce mai kyau, zan dawo kanta.

Ƙidayarsu ba ta ba ni tsoro ba. Masu garka sun san yawan hannun da suke ɗauka, sarkin tasha ya san motocin da ke sauke su, kowane ayari kuma yana da babba da ke karɓar musu aiki. Irin waɗannan manyan nake so a koya wa aikin da wakilan lafiya na ƙauye ke yi: su gane alamun guba, su san tuɓe riga da wanka da sabulu ya fi nono, su hana a zuba ruwan sha a galan ɗin da maganin feshi ya ƙare. A samu mai jin Tamashek a ciki, don akwai Buzaye da yawa da Hausarsu ba ta wuce ta ciniki ba, kuma mace ba za ta faɗi ciwon mararta ta bakin ƙaton da ba ta sani ba.

Matan nan ma su ne suka fi tsaya mini a rai. Mace ta fara awon ciki a garinsu, ta zo cirar albasa da cikin wata bakwai, karnenta na awo yana can ƙasan akwati. Yaron da ke bayanta an yi masa lamba biyu, saura ba a san inda aka kwana ba, ga shi watannin zafi ne, lokacin ƙyanda da sanƙarau. Manyan yaran kuma suna wanka a magudanar ruwa, tsargiya na kama su. Maganinta a lakwal aka fi rabawa, su kuwa ba su ga ƙofar aji ba tun da suka baro gida.

Sai masu tarin fuka. Magani wata shida ne cur, ba fashi. Mutum ya fara a wurinmu a Fabrairu, ya ji sauƙi a Afrilu, ruwa ya sauka a Yuni ya tafi shuka. Akwai takardar da ake cikewa a tura shi wata likita, amma sai ya zo ya yi sallama ake cike ta, ɗan barema kuwa da asuba yake tafiya. Haka namu samarin masu zuwa ci-rani Abijan da Libiya da Aljeriya suke dawo mana da rabin magani a leda. Nan ne maganarka ta ofishin da ke bin mara lafiya ta waya daga jiha zuwa jiha ta shiga kaina. Mu ba mu da ofis, amma kowane majo yana da WhatsApp. Na sa a cikin tsarin cewa ranar da aka fara ba mutum magani, a rubuta garinsu, da likitar da ta fi kusa da garin, da lambar wani ɗan'uwansa, a sanar da majon can tun ranar, ba sai ya ɓace ba. Shi kuma a ba shi ɗan kati mai leda da zai shiga aljihu. Na san wasu katunan za su ƙare a kunna wutar shayi. Da babu gara ba daɗi.

Kuɗi kuwa, nan aka yi ta. Makon jiya muka zauna da wasu masu garka da dillalan albasa, na kawo shawarar a cire dala biyar a kan kowane buhu da aka ɗora a mota, a zuba a asusun man babur da atiropin da maganin saran kububuwa. Wani Alhaji ya gyara zaman hularsa ya ce, "Likita, tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 muke zagaye da kaya, albasa na ruɓewa a hanya, haraji ya yi mana yawa, kai kuma ka zo da naka." Gaskiyarsa ce ta wani ɓangare. Na ce masa, "Alhaji, ranar da masassara ta kwantar maka da mutum biyar ana tsakiyar cira, buhu nawa rana ke dafa maka?" Ya yi dariya bai amsa ba. Wani dattijo a gefe ya ce kowa ya ci ladan kuturu ai ya yi masa aski. Ba a tsai da magana ba, an ce sai an koma an shawarta. Ni dai abin da nake tsoro ba ƙin biyansu ba ne, a tara kuɗin ne a rasa wanda zai riƙe su da amana. Ina so asusun ya zauna a hannun mutum uku, ɗaya daga cikinsu babban ƴan barema, ko da bai iya karatu ba. An yi mini kallon wanda ya sha rana.

Abin da nake roƙonka, ka ɗauko mini hoton katin da kuke ba ma'aikatanku, ciki da baya, in ga abin da kuka sa da abin da kuka bari. Ka kuma tambayar mini matan nan da ka ce ana zaɓa daga cikin ma'aikatan su riƙa wayar da kan ƴan'uwansu: biyansu ake yi ko sa kai ne, kuma in kakar ta ƙare suka tafi, sabbi ake nema ko su ake jira su dawo? Wannan ta hana ni barci, don ina gudun mu koyar da mutum bana, baɗi ya yi Jado neman zinariya.

Ƙanen matarka ya ce zai taso wajenku a watan gobe. Na ba shi kilishi da ƙullin gabu ya kawo maka, in ma'aikatan filin jirginku sun ƙwace kilishin, to ka ce musu su bar maka gabun. Ka gaida uwargida, ka shafa mini kan yara, ka ce wa babban ya riƙa yi wa kakarsa Hausa a waya, ta gaji da "hello".

Naka har kullum,
Abdu